Kansar hanji da ƙwayoyin "hana tsatsa": wa suke karewa?

Makon jiya na je duba wani ɗan'uwana da ake yi wa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, saboda kansar hanji. A gefen gadonsa na ƙirga kwalabe huɗu na ƙwayoyin ƙarin lafiya, kowace da alƙawarin hana tsatsar jiki. 'Yan dubiya ne suka kawo, da zuciya ɗaya. Na tambaye shi ko likitansa ya san yana sha, ya ce ai ba magani ba ne, bitamin ne kawai. Tun ranar abin ke ci mini rai.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ƙona abinci da iskar oksijin, ƙonawar kuma tana fitar da sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda danshi ke cin ƙusa. Jiki na da masu kashe wannan wuta, babbansu gulutatayon. Ƙwayar kansa kuwa, saboda haɗamar girma, ta fi lafiyayya tara tsatsar. A bakin rami take tsaye, ba abin da ke riƙe da ita sai ninka masu kashe wutar da ta yi. Shi ya sa masu bincike suka ce me zai hana a ingiza ta, a ƙara mata tsatsa ko a ƙwace garkuwar? Gashin da ake yi wa cutar kansa da haske mai ƙarfi a asibiti ma yawanci ta wannan hanya yake kisa.

Ke nan mai ɗirkar ƙwayoyin hana tsatsa yana iya miƙa wa abokin gabarsa garkuwa bai sani ba. An taɓa ganin irin haka a Finland: an gwada maza masu shan taba fiye da 29,000, sakamakon ya fito a 1994, waɗanda aka ba beta-karotin, wani sinadarin hana tsatsa, suka fi kamuwa da kansar huhu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bitamin C. Kowa ya san shi da hana tsatsa, amma in ya yi yawa ƙwarai sai ya juya baya. A 2015 ayarin masanin kimiyya Lewis Cantley a New York ya nuna cewa ƙwayoyin kansar hanji masu tangarɗa a ƙwayoyin gadon da ake kira KRAS ko BRAF suna zuƙe shi ta ƙofar da suke jan sukari. Da ya shiga sai su ƙarar da gulutatayon ɗinsu wajen sarrafa shi, injin ƙona sukarin ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Haɗamarta ce ajalinta. Kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na kansar hanji na ɗauke da tangarɗar KRAS.

Sai dai a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka ga wannan, kuma a nan masu talla ke yanke labarin. Tun 1985 asibitin Mayo na Amurka ya ba masu kansar hanji giram 10 na bitamin C kullum ta baki, ba a ga amfani ba. Hanji ba ya bari mai yawa ya shiga jini, ƙoda kuma tana zubar da rarar. Da aka koma ba da shi ta jijiya tare da kemo, gwajin ƙasar Sin na 2022 mai mutum 442 bai nuna bambanci a jimilla ba. Masu tangarɗar RAS, wato dangin KRAS, ne kaɗai cutar ta ɗan jinkirta musu, da wata ɗaya da ɗoriya. Ina ganin hanyar ta cancanci a bi ta, har da tsohon maganin amosanin gaɓɓai mai zinariya, auranofin, da ake gwadawa don karya wata garkuwar. Amma da sauran rina a kaba.

Ƙarin ruwan bitamin C ɗin ma ba na wasa ba ne. Mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jini daga tsatsa, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya fashewa, mai raunin ƙoda kuma ƙodarsa na iya ƙarasa lalacewa.

Ɗan'uwan nawa dai ban ce ya zubar da komai ba, ni ba likita ba ne. Na zuba kwalaben a leda na ce ya kai wa likitansa ranar kemo na gaba. Ya yi dariya, ya ce ɗaya daga ciki surukarsa ce ta kawo.