Ranar da na yi wa yarana murmushi

Shekara 9 ina riƙe da magaza kusa da babbar kasuwar Maradi, shinkafa da man girki, yara shida a hannuna. Tsawa ce dabarata, da ita nake buɗe ƙofa, da ita nake rufewa.

Sai ƙanena ya ja ni wani horo na kwana 2, jika 10 kuɗin shiga. Malamin ya ce a yabi ma'aikaci gaban mutane, a yi masa gyara a keɓe. Kuma kada yabon ya tsaya a "sannu", a faɗi ainihin abin da ya yi daidai. Wai kuma maigida ya fi sauraro da magana. Na ce jika 10 ba za ta tafi a banza ba.

Ranar Litinin mota ta iso daga Ɗan Isa, ana ta sauke jarkoki. Na tsaya bakin ƙofa na washe haƙora har kumatuna suka yi tsami. Na ce da babbansu: "Jerin da ka yi wa buhunan nan, goma-goma, ya sauƙaƙa mini lissafi. Allah ya yi albarka."

Ya saki buhun da ke kansa. Ya dube ni, ya dubi sauran. Wurin ya yi tsit.

Kafin azahar ƙaramin cikinsu ya same ni, ya durƙusa: "Alhaji, jarkar nan ta lita 25 da aka ce ta zo a fashe, ni na kayar da ita." Ban tambaye shi ba fa! Bayan la'asar wani ya zo da mahaifinsa tun daga Tibiri, wai a yi haƙuri kada a kore shi, ga iyali.

Washegari na tara su don in saurara. Na ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Minti 10 ba wanda ya yi ko tari. Can babban ya matso, ya miƙo mini gorar rubutu a baƙar leda: "Alhaji, mun yi karo-karo ne. A sha safe da yamma."

Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Ni kuka mai da mahaukaci? Ku tashi ku ba ni wuri!"

Suka watse da gudu, suna dariya. Ina ji ƙaramin yana cewa ko buɗe gorar ba a yi ba, rubutu ya ci.