Sharhi kan labarin ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman

Na karanta wani labari kan yadda nakasassu ke haɗa kansu a ƙungiya don tallafa wa juna, sai hankalina ya koma kan ƙanina. Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara uku. Har ya girma ba ya son fita ƙofar gida, don ya gaji da jin "Allah sarki" da miƙa masa kuɗi alhali bai roƙa ba.

Ranar da wani maƙwabcinmu ya kai shi wurin 'yan uwansa guragu masu ƙera keken hannu a nan Kano, ya dawo yana surutu har bayan isha'i. Ya tarar da mutane irinsa suna walda, suna da mata da 'ya'ya, suna adashi, ranar hutu su buga ƙwallon guragu. Su suka koya masa sana'a, su suka nuna masa yadda zai kiyaye tafin hannunsa daga kanta da ciwo. Mu na gida muna ƙaunarsa, amma wallahi ba mu san wannan ba, sai wanda ya ɗanɗana.

Inda nake ganin labarin ya gaza shi ne batun doka. Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda nakasassu za su iya shiga. Wa'adin ya wuce. Gurgu shi kaɗai ba zai iya tunkarar ma'aikata kan matattakala ba, amma ƙungiya za ta iya, kuma ƙanina yanzu yana cikin masu zuwa tunkarar ma'aikatun.