Gwangwan ya zama ma'adini, mu kuwa har yanzu bola muke kiransa

A ƙarshen watan Satumban 2024 aka kashe wutar babban tanderu na ƙarshe a masana'antar ƙarfe ta Port Talbot da ke yankin Wales a Birtaniya. Fiye da shekara 100 garin ya yi yana narka tama da kwal. Kamfanin Tata na Indiya, wanda shi ke da masana'antar, ya ce zai gina tanderun lantarki a madadinsa, gwamnatin Birtaniya kuma ta sa hannu a aljihu ta ba da gudummawar fam miliyan 500. Ma'aikata kusan 2,800 ne aikinsu ya tafi. Abin da sabon tanderun zai riƙa ci kuwa shi ne tsofaffin motoci da rodin gidajen da aka rushe da matattun injuna, wato abin da mu a nan muke kira gwangwan. Ƙasar da ta koya wa duniya sarrafa ƙarfe da kwal ta dawo tana lissafin yawan tsohon ƙarfen da take tarawa a shekara, tana kuma jin takaicin cewa mafi yawansa jirgin ruwa ake loda wa a kai wa wasu.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ba zai yi mamaki ba. Kakanninmu sun haƙa tama, sun gina tanderun ƙasa, sun kwana suna zuga kafin su samu dunƙulen ƙarfen da za a yi gatari ko garma. Da layin dogo ya iso Kano, motoci suka biyo baya, sai maƙeri ya ga cewa gutsuren sifirin mota ya fi masa sauƙi, ya kuma fi kaifi. A hankali haƙar tama ta mutu. Wannan lissafin na maƙerin ne manyan kamfanonin duniya suke yi a yau, sai dai su da biliyoyin daloli suke yinsa.

Duniya na sarrafa ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, kuma fiye da rabi daga China yake fitowa. Yawancinsa har gobe ta tsohuwar hanya ake samunsa: a haƙo tama, a gasa kwal, a haɗa su da dutsen farar ƙasa a tanderu mai tsayin bene hawa da yawa. Wannan hanya ce ta sa masana'antar ƙarfe ita kaɗai take fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Ƙungiyar masu sarrafa ƙarfe ta duniya ta ƙiyasta cewa kowane tan ɗaya na gwangwan da aka narka yana rage buƙatar tama tan 1.4 da kwal kilo 740, yana kuma hana fitar gurɓatacciyar iska tan 1.5. Ga wata baiwa da Allah ya yi wa ƙarfe wadda leda da takarda ba su samu ba: ko sau nawa aka narka shi, ƙarfe ne zai fito, kuma da mayen ƙarfe kawai ake tsamo shi daga cikin tarkace. Shi ya sa fiye da tan miliyan 600 na gwangwan ke komawa wuta a duk shekara.

Amurka ta daɗe da kama wannan hanya. Kamfanin Nucor ya buɗe ƙaramar masana'antarsa ta farko mai tanderun lantarki a 1969 a jihar South Carolina, manyan kamfanoni na lokacin suna yi masa kallon mai sana'ar rodi kawai. Yau shi ne kan gaba a ƙasar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen Amurka daga tanderun lantarki yake fitowa. Amma ƙasar da ta fi ba ni sha'awa ita ce Turkiyya. Ba ta da wadatacciyar tama mai kyau, ba ta da isasshen gwangwan na cikin gida, duk da haka ta shiga sahun ƙasashe 10 da suka fi sarrafa ƙarfe. Tana sayen gwangwan wajen tan miliyan 20 a shekara, akasari daga Turai da Amurka, ta narka a masana'antun bakin teku na Iskenderun da Aliaga, ta mayar da shi rodi, ta sayar wa Gabas ta Tsakiya da Afirka, wani ma ta mayar wa Turawan da suka sayar mata. Farashin da masana'antun Turkiyya suka saya shi ne ma'aunin kasuwar duniya, har kasuwar hada-hadar ƙarafa ta Landan tana cinikin kwantiragi a kansa tun 2015. Lokacin da Rasha ta shiga Ukraine a 2022, tan ɗaya ya haura dala 600 a cikin makonni, kafin ya rikito ƙasa da 400 a tsakiyar shekarar. Wanda ke tura kurar gwangwan a Kurna ko Tudun Wada bai san da Iskenderun ba, amma irin wannan hawa da sauka tana bin dillalai har ta iso kan sikelin da ake auna masa kaya.

Masu hasashen kasuwa suna son su ce harkar na bunƙasa su tsaya nan. Gaskiya ne tana bunƙasa, amma akwai abin da ya bambanta gwangwan da sauran hajoji. In farashin tama ya tashi, sai a ƙara haƙa a Australiya ko Brazil. Gwangwan ba a haƙarsa, ba a shuka shi. Sai ƙarfen da aka zuba a gini ko gada shekara 30 ko 40 da suka wuce ya gama aikinsa sannan ya dawo. Ƙasar da ta yi gine-gine da yawa jiya ita ke da gwangwan yau. China tana sarrafa ƙarfe ƙasa da tan miliyan 130 a shekarar 2000, zuwa 2020 ta haura biliyan ɗaya, saboda haka tulin gwangwan mafi girma a tarihi yana nan tafe a can, kuma ba na tsammanin za ta bar shi ya fita. Ita da ta toshe shigar tarkacen ƙarfe daga waje da sunan kare muhalli, a watan Janairun 2021 ta sake buɗe ƙofa bayan ta sauya masa suna daga shara zuwa kayan sarrafawa.

Wannan sauya sunan shi ne labarin gaba ɗaya. Tarayyar Turai, wadda ta fi kowa fitar da gwangwan, ta yi sabuwar dokar safarar shara a 2024 da za ta tsaurara fitar da shi zuwa ƙasashe masu tasowa daga 2027. Masu masana'antun ƙarfe na Turai suna matsa wa hukuma ta ƙara ɗaure ƙofar, dillalan gwangwan na can kuma suna kukan cewa so ake a tilasta musu sayarwa da araha a gida. Ga kuma harajin da Turai ta ƙirƙiro kan kayan da aka sarrafa da hayaƙi mai yawa, wanda zai sa duk mai son sayar mata da ƙarfe ya nemi gwangwan ido rufe. Rasha ta sa ƙayyadadden adadi da haraji, Afirka ta Kudu ta hana fitarwa na wani lokaci daga ƙarshen 2022, Indiya ta fito da tsarin sauke tsofaffin motoci daga hanya a 2021 don ta rage dogaro da na waje. Kowa ya gane cewa abin da ke cikin bolarsa arziki ne, kowa yana jan bargo ya rufe nasa.

Ba zan ɓoye cewa harkar tana da nata dattin ba. A gaɓar tekun Alang a Indiya da Chittagong a Bangladesh da Gadani a Pakistan, talakawa ne ke yanka matattun jiragen ruwa da wutar walda a cikin taɓo da mai da guba, ana mutuwa ana jikkata. Yarjejeniyar Hong Kong kan fasa jirage sai a watan Yunin 2025 ta fara aiki, shekara 16 bayan an amince da ita. Akwai kuma matsalar jan ƙarfe: in wayoyin mota suka narke tare da gangar jikinta, ba a iya raba su cikin sauƙi, kuma irin wannan ƙarfen ba ya yin falle mai kyau na ƙera sabuwar mota, sai dai rodi. Don haka tama ba za ta mutu gobe ba. Wanda ya iya tantance gwangwan tun kafin ya shiga wuta shi ke cin ribar da ta fi tsoka.

To mu ina muka tsaya? Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, har yau babban tanderunta bai taɓa narka tamar da ake haƙowa a Itakpe ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo an gina su ne don su riƙa karɓar dunƙulen ƙarfe daga masana'antar Aladja da ke jihar Delta, da Aladja ta durƙushe suka bi ta. Rodin da ake sarrafawa a Najeriya a yau mafi yawansa daga gwangwan ne, a masana'antun da ke Legas da Ogun da wasu 'yan wurare. Wato tirelolin da muke gani suna barin Kano da Kaduna da Maiduguri shaƙe da tsatsa su ne ke riƙe da abin da ya rage mana na masana'antar ƙarfe. Yaron da muke kira baban bola, muna toshe hanci in ya wuce, shi ne mahaƙin ma'adinin ƙasar nan na zahiri. Babu ma'aikatar da ta san adadinsu, babu safar hannu, babu takalmin kirki.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma an taɓa cire mana ƙofar ƙarfe ta shago da dare. Ɓarnar gaskiya ce. An kwance ƙusoshin layin dogo, an sace murafun magudanar ruwa a manyan titunan Abuja, an sassare turakun lantarki. A Borno abin ya kai ga rai: a 2022 'yan ta da ƙayar baya sun kashe gwamman masu neman ƙarfe a dazukan Kala Balge da Dikwa, a 2023 kuma Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar a jihar. A farkon 2025 hukumar Abuja ta hana 'yan bola jari yawo a cikin birni, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Matakin Borno ina iya fahimtarsa, wuri ne na yaƙi. Amma a sauran wurare haramci kan faɗa ne a kan mai kura, alhali mai kura ba shi da tanderu. Murfin magudana mai nauyin da sai mutum biyu sun ɗaga ba ya ɓacewa a iska. Akwai wanda ya auna shi, akwai wanda ya loda shi a tirela, akwai masana'antar da ta narka shi tana sane da cewa ba daga bola ya fito ba. Ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kenya ta gwada haramcin baki ɗaya a watan Janairun 2022 bayan faɗuwar turakun lantarki ta jefa ƙasar cikin duhu. Ba a yi wata biyar ba aka janye, aka koma ga lasisi, saboda masana'antun ƙasar sun rasa abin narkawa. Birtaniya ma ta sha fama da ɓarayin wayoyin jirgin ƙasa da rufin majami'u, sai ta yi doka a 2013 da ta ɗora nauyin a kan mai saye: dole ya yi lasisi, dole ya ga shaidar wanda ya kawo kaya ya rubuta, kuma haramun ne ya biya da tsabar kuɗi. Ban ce a kwafo ta yadda take ba, don yaron da ya tara kilo 10 na gwangwanin tumatir ba za a ce sai ya kawo asusun banki ba. Amma daga babban dillali zuwa ƙofar masana'anta, inda ake cinikin miliyoyi, babu hujjar da za ta hana a san wa ya kawo me. Masana'antun nan ba su da yawa, an san adireshinsu, kuma ƙungiyoyin 'yan gwangwan sun san junansu fiye da yadda kowane jami'i zai san su.

Sai maganar hana fitarwa. Gwangwan yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta haramta fitar da su, kuma bisa yadda duniya ke tafiya ba zan ce a buɗe ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya game da wanda ke biyan kuɗin wannan kariya. In aka rufe ƙofar waje, masu saye suka zama 'yan ƙalilan, su ke yanka farashi, mai tarawa kuma ba shi da inda zai kai. Tallafi ne ake ɗauka daga aljihun mafi talaucin cikinmu a miƙa wa mai masana'anta. In haka ne, ƙasa tana da haƙƙin ta tambayi abin da ta samu a madadi: rodi mai cikakken kauri da inganci, wanda ba zai lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin dakin ɗin gini ba, da aikin yi mai mutunci a cikin masana'antar. Duk wanda ya taɓa sayen rodi a Kofar Ruwa ya san akwai mai cika milimita 12, akwai kuma wanda sunan kawai ya ɗauka.

Abin da ya ɗaga Turkiyya shi ne tashar jiragen ruwa da wutar lantarkin da ba ta yankewa, gwangwan ɗin ma sayo shi take yi. Tanderun lantarki yana shan kusan kilowat-awa 400 kafin ya narka tan ɗaya, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar narki, asara ce babba. Mu da ƙasa baki ɗaya take raba megawat 4,000 zuwa 5,000, dole ƙarfen Arewa ya yi tafiyar kilomita 1,000 zuwa inda iskar gas take, a narka shi, a sake biyan kuɗin mota a dawo mana da shi rodi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 shi ne abin da nake sa wa ido a wannan harka, fiye da duk wani alƙawarin tayar da tanderun Ajaokuta. Ranar da gas ya iso Kano da gaske, tirelar gwangwan ta farko da za ta sauke kaya a Sharaɗa ko Challawa maimakon ta kama hanyar Legas za ta rage wa mai gini kuɗin mota sau biyu, ta kuma ƙara wa mai kura wani abu a kan kowane kilo.