Yawan Cinikin Gidaje Ya Fi Farashi Faɗin Gaskiya

Jama'a, duk ƙarshen wata ƙasashen da ke rubuta cinikin gidajensu sukan fitar da alƙaluma: gida nawa aka sayar, shago da ofis nawa suka sauya hannu. Kafin a kwana jaridu sun ɗauka. Wannan watan a ce kasuwa ta farfaɗo, mai bi masa a ce ta durƙushe, kuma mutane su yi ta yaɗawa. Abin yana damuna ƙwarai, domin akwai magidancin da ya shafe shekaru yana tari, kuma irin wannan kanun labarin ne zai sa ya yi gaggawar sayen gidan da bai shirya masa ba, ko ya janye daga wanda ya dace da shi.

Ni a ganina, adadin cinikin da aka kammala ya fi farashi nuna lafiyar kasuwar gidaje, amma sai an san yadda ake karanta shi. Zan kafa hujja da Birtaniya, saboda hukumar harajinta, HMRC, tana fitar da wannan lissafi kowane wata, na duk cinikin da ya kai fam 40,000 zuwa sama, kuma ta raba gidajen zama daban, gine-ginen kasuwanci da filaye daban. A watan da komai ke tafiya daidai, gidajen zama sukan kai kimanin 100,000, na kasuwanci kuma kimanin 10,000.

Abin da za a fara riƙewa shi ne wannan lamba labarin jiya take bayarwa. Ranar da aka miƙa makulli ake ƙirga ciniki, alhali an taya gidan, mai shi ya sallama, watanni da dama kafin nan. Tsakanin sallamawa da miƙa makulli akwai lauya, akwai mai duba lafiyar gini, akwai bankin da zai ba da bashi. Ku duba ƙarshen 2022. A ranar 23 ga Satumba gwamnatin Firaminista Liz Truss ta gabatar da ƙaramin kasafin kuɗin da ya rikita kasuwar bashi, bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsaren lamunin gida cikin 'yan kwanaki, kuɗin ruwa ya yi tsalle. Amma wanda ya kalli alƙaluman HMRC na Oktoba da Nuwamba zai ga ciniki yana nan sama da 100,000, kamar babu abin da ya faru. Tsofaffin cinikayya ne ake ƙarasawa. A daidai lokacin, adadin sabbin lamunin da bankuna ke amincewa da su, wanda Babban Bankin Ingila ke fitarwa, ya ragu da kusan rabi tsakanin Agusta da Disamba. Sai da aka shiga 2023 raunin ya bayyana a lissafin ciniki. Wanda yake son sanin inda aka dosa, lamunin da aka amince da shi zai fara dubawa.

Sai batun wa'adin haraji, wanda nan ne raina ya fi ɓaci.

A ranar 8 ga Yulin 2020, bayan dokar kulle ta korona ta tsayar da kasuwa, ministan kuɗi Rishi Sunak ya ɗage harajin sayen gida a Ingila da Arewacin Ailan ga fam 500,000 na farko na kuɗin gida. Kafin nan daga fam 125,000 ake fara biya. Mai sayen gidan fam 500,000 zai tsira da fam 15,000. An sa wa rangwamen wa'adin ƙarshen Maris 2021, aka ƙara zuwa 30 ga Yuni, sannan aka rage shi zuwa fam 250,000 har ƙarshen Satumba. Me alƙaluma suka nuna? Tsalle a Maris, tsalle mafi girma a Yuni inda ciniki ya kai kimanin 200,000, ninkin watan da aka saba, sai Yuli ya faɗi da fiye da rabi, sai Satumba ya sake tashi, Oktoba ya sake faɗuwa. Ba wai sha'awar mallakar gida ce ke tashi tana kwanciya wata-wata ba. Mutanen da dama za su sayi gida a Yuli da Agusta ne suka matsa wa lauyoyinsu a gama kafin 30 ga Yuni.

Sai an san yadda ciniki yake a Ingila za a gane irin wahalar da ke bayan wannan tsallen. Yawancin masu sayarwa su ma masu saye ne. Ma'aurata sabbin aure suna sayen ɗan ƙaramin gidan wani iyali, iyalin na jiran kuɗin don su biya gidan wata dattijuwa, ita kuma tana jiran nata don ta koma kusa da 'yarta. Dukansu rana ɗaya za su tashi, galibi Juma'a. Kaya na cikin mota tun safe, yara na zaune a kan akwatuna, kowa yana kallon waya yana jiran lauya ya ce kuɗi sun shiga. Idan mutum ɗaya a ƙasan layin ya samu tangarɗa da bankinsa, duk na sama sun tsaya. Kuma a dokar Ingila, kafin a yi musayar takardun yarjejeniya kowa na iya fasawa ba tare da ya biya ɗayan komai ba, ko da an kashe kuɗin lauya da na duba gini. To a ɗora wa wannan wa'adin da kuskure masa da kwana ɗaya zai ci dubban fam.

Wa ya ci ribar? Masu sayen gida karon farko tun Nuwamban 2017 ba sa biyan wannan haraji a kan fam 300,000 na farko, don haka yawancinsu rangwamen bai ƙara musu komai ba. Abin da ya same su shi ne ƙarin abokan takara. Farashin gidaje ya tashi da sama da kashi 10 cikin 100 a shekarar da ta ƙare a Yunin 2021. Ban ce rangwamen kaɗai ya jawo hakan ba, domin kuɗin ruwa yana ƙasa sosai a lokacin, mutane kuma suna neman gida mai fili bayan zaman kulle. Amma a gidan kimanin fam 260,000, harajin da aka yafe kusan fam 3,000 ne, ƙarin farashin kuwa ya haura 20,000. Mai sayarwa ne ya kwashe, aka bar mai saye da bashin da zai shekara 25 ko fiye yana biya.

Kuma an sha maimaita wannan. A Maris 2016 masu sayen gidan haya sun yi rububi kafin ƙarin harajin kashi 3 cikin 100 da ministan kuɗi na lokacin, George Osborne, ya sa ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu. A Maris 2025 ma, da za a mayar da matakin fara biya daga fam 250,000 zuwa 125,000, ciniki ya ninka na Maris ɗin shekarar da ta gabata, Afrilu kuma ya faɗi da fiye da rabi. Duk ɗan jaridar da ya rubuta "kasuwa ta durƙushe" a kan Afrilun nan ba tare da ya haɗa shi da Maris ba, bai yi wa masu karatunsa adalci ba.

Yanayin shekara ma yana da nasa tasirin, amma wannan sananne ne. Janairu da Fabrairu kasuwa kan yi sanyi a Turai da Amurka, ta ɗau zafi a tsakiyar shekara. Shi ya sa ake fitar da lamba biyu, ɗanya da wadda aka tace daga tasirin yanayi. A Sin hukumar ƙididdiga takan haɗa cinikin Janairu da Fabrairu wuri ɗaya, saboda bikin sabuwar shekararsu yana sauya wata. Mafi sauƙi dai a kwatanta wata da takwaransa na bara.

Yanzu ga dalilin da ya sa na fifita adadi a kan farashi. Mai gida ba kamar mai sayar da kayan gwari ba ne da dole ya karya farashi kafin yamma. Idan aka yi masa tayin da bai gamshe shi ba, sai ya ce albarka, ya cire allon sayarwa, ya ci gaba da zama a gidansa. Saboda haka idan kasuwa ta kamu da ciwo, ciniki ne ke fara raguwa, farashi ya biyo baya a hankali, wani lokacin ma ya ƙi sauka. A Birtaniya an yi cinikin gidaje kimanin miliyan 1.6 a 2007, shekarar da mutane suka yi layi suna cire kuɗinsu daga bankin Northern Rock. A 2008 adadin ya koma kusan 900,000. Farashi ya sauka, amma bai kusa da wannan faɗuwar ba.

Amurka ta nuna abin ƙarara a 'yan shekarun nan. A Janairun 2021 kuɗin ruwan lamunin gida na shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65, mafi ƙanƙanta a tarihin lissafin Freddie Mac, kamfanin lamunin gidaje na Amurka. A Oktoban 2023 ya kai 7.79. Ku yi lissafi da ni: bashin dala 300,000 a kashi 3, biyan wata dala 1,265 ne. Bashin nan dai a kashi 7 ya koma kusan dala 2,000. Wanda ya riga ya ɗaure bashinsa a kashi 3 me zai sa ya sayar ya ɗauki sabo? Sai ya zauna, ko da gidan ya yi masa kaɗan, ko da an ba shi aiki mafi kyau a wani gari. Cinikin tsofaffin gidaje ya faɗo daga sama da miliyan 6 a 2021 zuwa kimanin miliyan 4.1 a 2023, mafi ƙaranci tun 1995. Farashin tsaka-tsaki kuwa a shekarar ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, domin gidajen da ke kasuwa sun yi ƙaranci, masu iya saye kuma masu hali ne. Wanda farashi kaɗai ya kalla zai rantse kasuwa lafiya lau take. Amma cinikin gida kusan miliyan biyu ya ɓace a shekara, kuma a bayan kowanne akwai iyalin da bai tashi ba, da dillalin da bai ga la'ada ba, da mai fenti da kafinta da mai motar kwasar kaya da suka rasa aiki. Matasan da suka tara kafin alƙalami suka ga biyan wata ya fi ƙarfinsu, suka koma haya, su ma babu inda sunansu ya fito a jadawalin farashi. A raguwar adadin ne kawai ake ganin sawunsu.

Ɓangaren gine-ginen kasuwanci kuwa dole a ƙara taka-tsantsan, har ma na yarda a nan ƙa'idata tana da rauni. Lissafin wata yana ɗaukar ɗan shagon aski da bene mai hawa arba'in a tsakiyar Landan a matsayin ciniki ɗai-ɗai. Gona na ciki, shago mai ɗaki a sama na ciki, har wanda ya sayi gidajen zama shida ko fiye a ciniki ɗaya ana iya lissafa shi a nan. Don haka adadin yakan tafi kusan bai ɗaya, yana ɗan tashi a Maris da Disamba lokacin da kamfanoni ke rufe littafinsu, alhali a ƙarƙashinsa abubuwa masu karo da juna ne ke faruwa. Tun bayan korona manyan rumbunan ajiyar kaya suka yi daraja saboda sayayya ta intanet, tsofaffin ofisoshi kuma suka yi kwantai saboda aiki daga gida. Manyan kantuna irin su Debenhams sun rufe rassansu a 2021, WeWork mai ba da hayar ofisoshi ya shigar da takardar karayar arziki a Amurka a Nuwamban 2023. Jimilla ɗaya ta wata ba za ta nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Manyan gine-gine a Birtaniya sau da yawa ana ajiye kowanne ne a ƙarƙashin kamfanin da ba shi da wata kadara sai shi. Idan za a sayar, hannun jarin kamfanin ake sayarwa, ginin bai sauya suna a takarda ba. Harajin sayen hannun jari rabin kashi ɗaya ne cikin 100, wani lokacin ma babu idan kamfanin a waje yake da rajista, na sayen ginin kasuwanci kai tsaye kuwa yana kaiwa kashi 5. Doka ta halatta, amma sakamakonsa shi ne ciniki na ɗaruruwan miliyoyin fam yana iya wucewa ba tare da ya shiga lissafin wata ba, yayin da mai sayen ɗan shago a bakin titi zai biya harajinsa cif, a kuma ƙirga shi. Wannan bai yi mini daɗi ba ta fuskar adalci, kuma yana gurgunta lissafin da masu tsara manufofi ke dogaro da shi. Ina ganin duk hukumar da ke fitar da waɗannan alƙaluma ya kamata ta raba shaguna da ofisoshi da rumbuna da gonaki, ta faɗi darajar kuɗin kowane rukuni tare da adadinsa, ta kuma nemo hanyar shigar da gine-ginen da ake sayarwa ta hannun jari, ko da a shafi na daban ne.