Biki na kowa ne, gajiyarsa ta mutum ɗaya

A daren ƙarshe na hutun bara, bayan baƙi sun watse, na shiga ɗakin girki neman ruwan sha sai na tarar da yayata zaune a kan kujera, ta jingina kai da bango, barci ya sace ta da tsumman goge kwanuka a hannu. Kwana huɗu ke nan tana riga kowa tashi, kowa kuma yana riga ta kwanciya. Na taɓa kafaɗarta na ce, "Yaya, ki tashi ki je ki kwanta mana." Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "In na kwanta wa zai ƙarasa wanke-wanken nan?" Daga baya na duba hotunan da muka ɗauka a makon, sun fi ɗari. Ta fito a guda biyu kacal, ɗaya ma bayanta ne.

Tun daga ranar na daina ganin girman shawarwarin da ake yayatawa duk lokacin da bukukuwa suka ƙarato: ka ja dogon numfashi, ka kwantar da hankalinka, ka yi tunani mai kyau. Ba ƙarya ba ne, numfashi a hankali yana rage bugun zuciya na ɗan lokaci. Amma wanda aka ɗora wa kayan mutum goma a ka, a rage masa kayan shi ne taimako. Ra'ayina ke nan: yawancin damuwar lokacin biki daga yawan ɗawainiya take fitowa da kuma rashin adalci wajen rabon ta, maganinta kuma a zauna tun da wuri a yanke abin da za a bari, a faɗa wa mutane da baki.

A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka fitar da jerin abubuwa 43 da kan faru a rayuwar mutum, suka ba kowanne maki gwargwadon yadda yake girgiza shi. Mutuwar miji ko mata ita ce a sama da maki 100. Aure, duk da farin cikinsa, 50 ya samu. Kirsimeti na can ƙasa da maki 12, tafiya hutu 13. Wani zai ce ashe abin bai taka kara ya karya ba. To amma biki ba ya zuwa shi kaɗai. A cikin jerin akwai sauyin lokacin barci, 16; sauyin yanayin cin abinci, 15; sauyin yawan haɗuwar dangi, 15; ɗan ƙaramin bashi, 17; saɓani da surukai, 29. Na tara su da kaina, haɗe da makin Kirsimeti da na tafiya hutu, na samu 117. Ma'aunin tsoho ne, kuma ba don a riƙa irin wannan lissafi nawa na mako guda aka yi shi ba, na yarda. Duk da haka ya nuna abin da kowa ya sani a jikinsa: ƙananan abubuwa ne ke taruwa su yi wa mutum taron dangi.

Jiki kuwa bai san bambancin gudun zaki da gudun kunya ba. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango barazana, ko da barazanar ita ce "me mutane za su ce", sai wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su sako sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, barci ya ƙaurace. An yi wannan shiri ne don haɗarin da zai zo ya wuce cikin mintuna. Hans Selye, wanda ya fara rubutu a kan lamarin tun 1936, ya bayyana matakai uku: firgita, sai juriya, sai ƙarewar ƙarfi. Yayata a kan kujerar nan tana mataki na uku ne, mu kuma muna falo muna yaba yadda biki ya yi armashi.

Kuɗi su ne kan gaba a abin da ke hana mutane barci a wannan lokaci, musamman kuɗin kyauta. A nan akwai abin dariya mai ciwo. A 1993 masanin tattalin arziki Joel Waldfogel ya tambayi ɗalibansa a jami'ar Yale nawa suke ganin an kashe a kan kyaututtukan da aka ba su, kuma nawa su da kansu za su yarda su biya a kan kayan. Ya kiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya bisa uku na darajar kuɗin yana salwanta a hanya, domin mai bayarwa bai san ainihin abin da mai karɓa yake so ba. Ban yarda da masu cewa don haka a daina kyauta ba, ai ba a auna ƙauna da sikeli. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, wanda ya ci bashi don ya sayi abu mai tsada ya sayi wata uku na fargabar mai bin bashi, alhali mai yiwuwa kayan suna can ƙasan akwati ba a ko buɗe ba. Daidai ruwa daidai tsaki. A rubuta adadin da za a iya kashewa kafin a rubuta sunayen mutane, domin in aka fara da sunaye, jerin ba ya ƙarewa.

Sai wayar hannu, wadda ta mai da biki gasa. A Instagram da Facebook kowa gidansa tsaf, yaransa fes, fuskarsa cike da fara'a. Ba wanda ke ɗora hoton rigimar da aka yi a mota kafin a iso, ko na saƙon banki. Kana gwada cikin gidanka da ƙofar gidan wani, dole ka ga ka gaza.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini: zumunci ai wahala ne, in kowa ya ce zai huta wa zai riƙe dangi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ban goyi bayan sabon salon nan na yanke hulɗa da duk wanda ya ɗan takura maka ba. Akwai tsohon da shekara guda yake jiran ranar da gida zai cika, gajiyar tafiya zuwa wurinsa ba asara ba ce. Amma a lura, masu yawan wa'azin cewa zumunci wahala ne galibi ba su ne ke shan wahalar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani, sai dai a gidaje da yawa hannu ɗayan ne ke ɗauka, kuma mafi yawan lokuta hannun mace ne. In taron yana da daraja har haka, a raba aikinsa: wane zai ɗauko baƙi, wane zai kula da yara, wane zai share bayan an tashi. A faɗi suna, domin "za mu taimaka" ba ta taɓa wanke kwano ko ɗaya ba.

Cewa "ba zan samu zuwa ba" ma tana da lokacinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya faɗa saura mako uku, an ji haushi kwana ɗaya an manta. Wanda ya amsa gayyata biyar saboda nauyin baki, ya je uku a gurguje, ya kashe waya a kan biyu, ya ɓata wa gida biyar rai, ga ciwon kai.

Akwai ɓangaren da ba wasa a cikinsa. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa binciken da aka yi a Suwidin a kan ciwon zuciya na farat ɗaya sama da 280,000 da aka samu tsakanin 1998 da 2013. An gano haɗarin ya ƙaru da kashi 37 cikin 100 a jajiberin Kirsimeti, ranar da ƴan ƙasar suka fi taruwa, ya fi tsanani wajen ƙarfe goma na dare, kuma ya fi shafar waɗanda suka haura shekara 75 da masu ciwon sukari ko ciwon zuciya. Wani binciken a Amurka a 2004 ya ga mace-macen zuciya sun fi yawa a ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, masu binciken kuma suka yi zargin jinkirin zuwa asibiti yana cikin dalilai. Mutum ya ji nauyi a ƙirji ya ce bari a gama biki tukuna, kada ya tayar wa mutane hankali. Ciwo bai san ranar biki ba. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya sa shi a jakar hannu kafin ya sa sababbin kaya, ya kuma kare barcinsa na sa'a bakwai yadda zai kare walat ɗinsa a cikin cunkoso.

Wasu kuma nasu nauyin ba na aiki ba ne. Bikin farko bayan rasuwar uwa, ko bayan mutuwar aure, ko a baƙuwar ƙasa inda ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa, shiru ne ke danne su. Irin waɗannan ba sa bukatar a ce musu su saki jiki. A kira su, a ambaci sunan wanda suka rasa ba tare da tsoro ba, in sun zo taro suka tashi da wuri kada a tsare su da tambaya. In kuwa baƙin cikin ya zarce mako biyu, ya hana ci da barci da aiki, maganar ta koma ta likita.

Bana na kira yayata tun saura wata guda. Na ce, "Yaya, wannan karon kwana biyu za mu yi, wanke-wanke kuma nawa ne da yaran." Ta yi dariya ta ce, "Kai? Ka ma san inda soso yake?" Na ce za ta nuna mini. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce in kira sauran ƙannenmu in faɗa musu da kaina, domin in daga bakinta maganar ta fito za a ce ta gaji da mu.