Ba za a yabi Venizelos a tsallake 1919 ba

Wani labari ya kira Eleftherios Venizelos wanda ya gina Girka ta zamani. Da gaskiyarsa: ya zama firaminista a 1910, kuma yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 sun kusa ninka girman ƙasar, har birnin Tasalonika da tsibirin Kirit, mahaifarsa, suka shigo. Amma marubucin ya tsallake inda gizo ke saƙar.

Shi ne ya tura sojoji Izmir, birni a gaɓar tekun yammacin Turkiyya, a watan Mayun 1919, yana dogaro da goyon bayan Birtaniya. Yarjejeniyar Sèvres ta Agustan 1920, wadda ta rarraba daular Usmaniyya, ta ba shi abin da yake so a takarda, alhali talakawa sun gaji da yaƙi. Sai biri ya ciji Sarki Alexander a lambun fada, ciwon ya ruɓe, ya rasu a watan Oktoba. Zaɓen Nuwamba ya koma na Venizelos ko tsohon Sarki Constantine. Venizelos ya sha kaye, ko kujerarsa ta majalisa bai tsira da ita ba. Da Constantine ya dawo, ƙawayen Girka, irin su Birtaniya, suka janye tallafin kuɗi, ga sojoji can cikin Anatoliya, wato yankin Turkiyya da ke Asiya, nesa da kayan aiki. A 1922 rundunar ta watse.

Venizelos ne kuma ya sa hannu a birnin Lausanne a 1923 kan musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, inda aka duba addini, ba harshe ba. Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi wajen 400,000 suka bar Girka, cikinsu har da Musulmin Kirit da Girkanci ne harshen gidansu.