Abin da ruwa ya bar wa Maraɗi, siminti ke cinye shi

In baƙo ya ce a kai shi tsohon gari, mutumin Maraɗi kan yi jim. Damagaram na da tsohuwar unguwarta Birni, Agadas ta shiga jerin kayan tarihi na UNESCO tun 2013. Mu fa? Garin da Sarki Ɗan Kasawa da Katsinawansa suka zauna a bakin Gulbi bayan jihadi, ambaliyar 1945 ta tafi da shi, Nasara ya hau da mutane tudu ya yanka musu filaye layi-layi. Shi ya sa ake cewa ba mu da abin adanawa.

Ban yarda ba. Maginan da suka hawo tudu da hannunsu suka hawo, kuma gidajen da suka gina a unguwannin Bagalam, Mokoyo, Limanci da Maradawa yau sun doshi shekara 80. Kwanan baya na shiga wani zaure a Bagalam da azahar, ana tsakiyar bazara. A waje ƙasa na ƙona ƙafa, ciki kuwa sai ka ce bakin randa. Kaurin bangon ya kusa kamu biyu, azara ta yi baƙi don tsufa, dagin da ke saman ƙofa ya soma gogewa. Mai gidan ya ce mini 'ya'yansa sun matsa a rushe a zuba shaguna.

Ban ga laifinsu ba ƙwarai. Ginin ƙasa sai da yaɓe kafin kowace damina, azara ta yi tsada, magini mai iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai baka, kuwa sai an yi cigiya. Shago ko ba komai yana kawo haya ƙarshen wata. Amma a yi lissafin duka: ɗakin bulo da kwano, a zafinmu, ba ya kwantuwa sai da fanka, wutar kuma kowa ya san halinta.

Ba cewa nake a hana kowa taɓa gidan gadonsa ba. Ma'aikatar magajin gari da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi su ƙidaya zaurukan da suka rage kewayen fada, a taimaka wa masu su da kuɗin yaɓe, a haɗa tsofaffin magina da samari masu koyo. Alhazan garin nan da ke gina masallatai ba su rasa abin gyaran zaure goma. Na Bagalam ɗin, indararonsa ɗaya ya riga ya faɗi, ga damina tafe.